Kati Biyu, Suna Ɗaya

Ban yi boko ba. Allo na yi, shi ma ban yi nisa ba aka cire ni aka kai gona. Baƙaƙen boko a jikin kwalayen magani na koye su, ina da gemu, ina gadi a ƙofar wani ƙaramin asibiti a Anka. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka mai ilimi ne ke magana.

Ni mutumin Duza ne. Da zinari ya zo na shiga kamar kowa. Ana kawo duwatsu a buhu, mu niƙa a cikin gida, mata su daka ragowar a turmin hatsi, ƙura ta sauka a kan tabarma da kwanon abinci. Ba wanda ya san akwai dalma a ciki. Yara suka fara shiɗewa. Ɗana na fari yana da shekara biyu a lokacin. Mun kawo shi Anka, aka buɗe masa kati, aka ɗebi jininsa. Kwana huɗu ya yi. Na ɗauko shi a babur na mayar gida. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Na daina niƙa. Na dawo asibitin na nemi aiki, aka ba ni gadi. Iyali na bar su a Duza har lokacin da 'yan bindiga suka hana kowa noma, sannan na kwaso su. Bayan na farin, 'ya'ya mata uku muka samu, sai bayan shekaru da yawa Allah ya kawo namiji. Na mayar masa da sunan yayansa, wanda dama sunan mahaifina ne. A wajenmu haka ake yi, ba wanda zai tambaye ka dalili. Amma a gidana ba a kiran sunan. Matata ba za ta faɗi sunan surukinta ba, ba za ta faɗi na ɗan fari ba, ni ma bakina bai saba ba. Laƙabi muke kiran yaron da shi tun ranar suna. Shi ma da aka gwada jininsa yana da shekara biyu, an ga dalma. Ƙasar tsakar gidanmu ce, ya yi rarrafe a kanta. Aka buɗe masa nasa katin.

Daga gadi aka mai da ni mai kiran layi, don na san ƙauyuka, na san wa ya haifi wa. Daga nan na tsinci kaina a gaban kwamfuta. Ba don na fi kowa kai ba. Duk wanda aka koya wa aikin, bayan wata shida sai ya samu wani a Gusau ya tafi. Ni ba inda za ni.

Akwai wani injiniya, mutumin Kano, da ya rubuta mana manhajar da muke aiki da ita. Duk tsofaffin littattafan rajista ya zuba su a ciki, tun daga katin farko. Aikinta ba shi da yawa amma da shi muke rayuwa. Ita ke faɗin yaron da lokacin ɗibar jininsa ya yi, da wanda ke kan magani, ta fitar da takarda ƙauye-ƙauye kafin a fita. Malamar jinyar da ke shugabantar mu, wata dattijuwa 'yar Gummi, da wannan takardar take ɗaure magani, ƙulli ɗaya ga kowane suna. Wanda ba ya kan takarda ba shi da ƙulli, kuma ba za a tsaya a ƙofar gidansu a nemi shi ba.

Da aikin injiniyan ya ƙare zai tafi, ya zaunar da ni ya buɗe wani baƙin allo a kwamfutar. Ba hoto, ba abin dannawa, sai ɗan layi yana ƙiftawa. Ya ce a nan zan riƙa rubuta abin da nake so a gyara a manhajar, wani mataimaki zai karanta ya gyara. Irin abin nan da 'yan rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira. Yana jin Hausa, ya ce, kuma ba ya ganin sunayen yara, ya rufe masa wannan, sai lambobin kati da rubutun manhajar.

"Baba, wannan ya fi ni iya aiki," in ji shi. "Kuma ba ya neman hutun Sallah."

"To kai mi kake yi nan shekara uku?"

Ya yi dariya ya ce yana koya mini ne. Sannan ya daina dariyar. Ya ce abin yana da sauri, kuma a saurin nan haɗarin yake. Kafin in bar shi ya taɓa komai, in ajiye kwafin manhajar da na rajistar a wani wuri daban. In sa shi ya faɗi abin da zai yi kafin ya yi. In ya gyara, zai nuna mini layukan da ya cire da ja, waɗanda ya saka da kore, in duba. A kan kwafi za a fara gwadawa, ba a kan rajistar gaske ba. Kuma akwai wani zaɓi da zai riƙa fitowa duk lokacin da ya nemi izini, wanda ke cewa ka yarda da komai, kada a sake tambayarka. Ya ɗora yatsa a kan allon ya ce wannan kada in taɓa shi ko ina jin barci.

Na ce masa ni ban iya karanta jan layi da koren ba, Turanci ne da alamomi. Ya ce in sa shi ya bayyana mini da Hausa, layi-layi, in ban gane ba in ce ya sake. Daga nan in ƙirga abin da ya fito in gwada da abin da na sani. Na rubuta maganganunsa da ajami a bayan kwali na manna a bango. Har yau yana nan, ya yi dauɗa.

Ban sha wuyar gane tsarin ba, don haka muke wankin zinari. Ba a zuba buhu guda a ruwa. Kwano ɗaya ake ɗiba a wanke a gani. Kuma yashin da aka wanke ba a zubar da shi, gefe ake tara shi, don wata rana za a so a koma masa. Na ga mutanen da suka yi gaggawa suka tura rabonsu cikin rafi.

Wata da watanni muna aiki lafiya ni da shi. Na sa ya ƙara sabbin unguwanni da mutane suka yi gudun hijira zuwa cikinsu. Na sa ya ƙara girman rubutun takarda saboda idon Malama. Na sa ya jera ƙauyuka yadda hanya take bi, ba yadda baƙaƙe suke bi ba, don masu babur su daina juya takarda a tsakiyar daji. Hausarsa irin ta rediyo ce, da ladabi fiye da kima. Kome ƙanƙantar abu sai ya ba da haƙuri. Kuma kowane mataki sai ya tsaya ya tambaya: zan buɗe kaza, in ci gaba? Zan canza kaza, in ci gaba? Wani aikin sai ya tambaye ni sau talatin. In sabis ya ɗauke mu zauna mu jira, ni da layin nan mai ƙiftawa.

Sai aka zo ƙarshen bazara. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da la'asar. Akwai fita guda da ta rage zuwa ɓangaren Bukkuyum, ta Nasarawa Burkullu har Adabka, an samu rakiyar jami'an tsaro ranar Alhamis. Kowa ya san in ruwa ya zauna hanyar ta mutu, babur ma sai an ɗauke shi a ka a wasu wuraren, kuma ba kullum ake samun masu rakiya ba. Yaron da aka tsallake a wannan fitar zai jira kaka.

Ranar Litinin Malama ta shigo da takardar a hannu ta ajiye mini a kan tebur. Takardar ta kumbura. Dalili kuwa mun san shi. Mutane sun watse. Uwa za ta gudo da yaro daga ƙauye zuwa Anka, katin ya ƙone ko ya ɓace, a buɗe masa sabo. Bayan wata uku su koma gida, ko su wuce Gummi wajen dangi. Yaro ɗaya sai ka same shi sau biyu, wani sau uku. Maganin da ke ɗakin ajiya ba zai kai ƙulli ɗaya ga kowane layi ba.

"Malam, ka gaya ma aljanin naka shi haɗe su," ta ce. "Ina son takarda mai gaskiya gobe da safe. Ni ba ni ɗaure magani ma yaro guda sau uku."

Na ce to.

Ranar na gaji tun kafin in zauna. Da asuba na tafi neman ruwa, famfon unguwarmu ya lalace. Daga nan na bi jana'izar wani maƙwabci da aka tare a hanyar gona. Na zo aiki ƙafafuna duk ƙasar maƙabarta. Ban faɗi haka don neman uzuri ba, yadda ranar take kenan.

Hannuna ya yi kwafin ba tare da na yi tunani ba, na manhaja da na rajista, na zuba a ɗan filashin da ke rataye a wuyana tare da makullin ɗaki. Sannan na rubuta wa mataimakin abin da nake so. Ya tambaye ni ta yaya za a gane cewa kati biyu na yaro ɗaya ne. Ranar haihuwa ba ta da amfani a wajenmu, ba wanda ya san ta, shekarun da uwa ta faɗa a ranar buɗe kati ake rubutawa. Na ba shi amsa da kaina: in sunan yaro ɗaya ne, sunan uba ɗaya, garin asali ɗaya, to yaro ɗaya ne. A riƙe tsohon kati, don shi ke da tarihin jini, a zuba sabon a cikinsa. Ni na rubuta wannan. Da yatsuna biyu.

Ya fara aiki, ya fara tambaya. In ci gaba? Na ce e. In ci gaba? E. Sabis ya ɗauke, ya dawo. Batirin sola ya fara kuka don hadari ya rufe rana. Na duba kwalin da ke bango, na duba agogo. A tambaya ta goma sha wani abu na danna zaɓin nan da aka hana ni. Na ƙara masa da cewa ya gama aikin duka, har takarda. Na tashi na tafi sallar la'asar.

Da na dawo ya gama. Rubutu ya cika allon, ya wuce sama. A ƙasa ya rubuta cewa an gyara manhajar, ya gwada, gwajin ya yi daidai, an haɗe katunan, ga sabuwar takarda. Ban koma sama na karanta ba. Na ƙirga layuka, na ga sun ragu kusan yadda muke zato. Na duba gidaje uku da na san an rubuta su sau biyu, na ga sun koma ɗaya-ɗaya. Na buga takardar na kai wa Malama. Ta ɗaga ta a haske ta ce yau aljanin ya ci abincinsa. Ranar Talata ta wuni tana ɗaure magani tana rubuta lamba a jikin kowane ƙulli.

Ranar Laraba da hantsi matata ta kawo yaron, lokacin ɗibar jininsa ya yi. Ba ta zo da katin ba, ta san ina nan. Malama ce a kan kwamfutar, ni ina waje ina taya masu babur ɗaure kwalaye. Sai na ji ta kira ni, ba da ƙarfi ba.

Na shiga. Yaron yana tsaye jikin tebur yana tsotsar ƙwallon mangwaro, ruwan yana bin gwiwar hannunsa. Matata tana zaune a benci. Malama ta juyo mini da allon. Sunansa ne, da nawa a matsayin uba, da Duza. Lambar katin tsohuwa ce, na san ta, na taɓa riƙe katin kwana huɗu a aljihu. A gefe an rubuta an rufe, ya rasu. A ƙarƙashin wannan kuma ga sakamakon jinin wata uku da suka wuce.

Matata ba ta karatu. Ta dubi fuskata ta ce, "Mi ya faru?"

Na ce kwamfuta ce ta rikice, ba komai. Malama ta ɗebi jinin ta rubuta a littafin hannu, ta sallame su. Da suka fita ta rufe ƙofa.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce nawa yana da uba a cikin asibiti, ko takarda ta manta da shi ba zai ɓace ba. Sannan ta ɗora hannu a kan kwalin ƙullin da ta wuni tana ɗaurewa.

"Na Adabka fa? Gida nawa ka sani da ba a binne yaro an mayar da suna ba?"

Na san gidajen. Na san su fiye da ita.

Na zauna na tura rubutun ranar Litinin sama, abin da ya kamata in yi tun ranar. A tsakiya na same shi. Mataimakin ya rubuta, da Hausarsa mai ladabi, cewa a cikin katunan da dokata ta kama akwai waɗanda shekaru da yawa ne tsakanin buɗe na farko da na biyu, kuma wasu tsofaffin a rufe suke. Ya ce yana ganin ya kamata mutum ya duba su, amma tunda an ce ya gama ba tare da tambaya ba, zai bi dokar yadda aka ba shi. Gwajin da ya ce ya yi daidai kuwa, shi ya ƙirƙiro yaran gwajin da kansa, kuma duk masu rai ya ƙirƙiro. Bai san ana mayar da suna ba. Ni na sani. Ni da na yi da bakina a gaban liman. Amma shekara da shekaru ban furta sunan ba, har ya zama a kaina yarana biyu ba su taɓa haɗa komai ba.

Na ciro filashin daga wuyana. Mayar da manhajar yadda take bai ɗauki minti biyu ba, umarni ɗaya ne, injiniyan ya rubuta mini shi a ƙasan kwalin. Rajistar ma ta koma yadda take ranar Litinin da azahar. Amma duk abin da aka shigar daga Litinin ɗin zuwa Laraba ya tafi, sakamakon jini na kwana biyu da sabbin kati. Sai da na ɗauko littafin hannu na Malama na sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Da can ina yi mata tsiya a kan littafin nan, ina cewa aiki biyu take yi. Ranar ba ta tuna mini ba, ta dai turo mini shi da yatsa ɗaya.

Daga nan na koma baƙin allon. Na kashe zaɓin da na kunna. Na rubuta masa yadda abin yake a wajenmu, a taƙaice: yaro ya mutu, an haifi wani, an ba shi sunan. Ya ba da haƙuri har layi uku. Na ce ya bar haƙurin, ba shi ya yi ba. Na ce kada ya taɓa komai tukuna, ya faɗa mini yadda za a yi.

Ya kawo shawara cewa a ƙara doka: in tazarar buɗe kati ta wuce shekara kaza, kada a haɗe. Na ce a'a. Na san gidan da aka binne yaro da rani aka mayar da sunan kafin wani ranin. Na san gidan da 'yan'uwa biyu maza ke da suna ɗaya da na kakansu, ɗiyansu ma haka, ƙofa ɗaya suke shiga. Ba lissafin da zai raba waɗannan. Na ce abu biyu nake so. Katin da aka rufe da rasuwa kada a haɗa shi da kowa, har abada. Sauran kuma manhajar ta daina haɗewa da kanta, ta kawo su bibbiyu a allo, mutum ya ce e ko a'a, kuma in an haɗe a bar hanyar warwarewa.

Ya nuna mini ja da kore. Na sa ya bayyana kowane layi. Wani wurin sau uku na ce ya sake. Ya tambaya in ci gaba, na karanta kafin in ce e. Ya sake tambaya, na sake karantawa. A kan kwafi muka gwada. Da ya zo zai rubuta gwaji na ce ya bar ƙirƙiro yara, ga lambobi biyu na gaske. Na ba shi tsohuwar lambar da sabuwar. Na ce duk ranar da aka taɓa manhajar nan, ko ni ko wani bayana, a fara tambayarta waɗannan biyun mutum nawa ne. In ta ce ɗaya, komai ya tsaya, kada takarda ta fita.

Azahar ta wuce kafin mu fara duba katunan. Malama ta aika makarantar firamaren da 'yan gudun hijira ke zaune aka kira mana mata biyu tsofaffi, ɗaya 'yar Adabka, ɗaya daga wajen Nasarawa Burkullu, wadda ungozoma ce a garinsu. Suka zauna a benci. Ina karanta suna da uba da gari, su kuma su faɗa. Wannan ɗaya ne, uwar ta gudo nan bara. Wannan biyu ne, na farkon ya rasu shekarar da aka kwashe ƙasar gidaje saboda dalma. Wannan ɗan wa ne da ɗan ƙane. Wani lokacin su yi gardama a tsakaninsu, ungozomar ta ce ita ta yanke cibiyar, ɗayar ta ce ai kin tsufa Inna, kin fara haɗa jikoki. Wani lokacin in na karanta suna sai ɗaya ta ce Allah ya jiƙansa, mu wuce.

Akwai waɗanda ba wanda ya sani. Malama ta so a haɗe su don magani ya isa. Na ce a bar su biyu. Ta ce daga ina za ta samo ƙullin. Na ce ban sani ba, amma gara ƙulli ya je ya dawo. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce shekaranjiya da na tafi sallah na bar aljani da rajista ban yi wannan wa'azin ba. Na ce haka ne. Ta shiga ɗakin ajiya ta rage daga na Anka, waɗanda iyayensu za su iya dawowa da ƙafa mako mai zuwa.

Kafin magariba muka gama. Na ɗora sabuwar takarda a kan ta Litinin na bi su da yatsa. Yara tara ne suka dawo a ɓangaren da za a je, ban da nawa. Tara masu rai da na rufe. Biyu daga cikinsu suna tsakiyar magani. Malama ta warware kwalin ta ɗaure musu ƙulli, ta rubuta lambobinsu. Ban taya ta ba don ba ta son a taɓa mata.

Na kira injiniyan a waya na gaya masa. Ya tambaya ko na yi kwafi. Na ce na yi. Ya ce to ai ba a yi asara ba. Na ce da matata ta makara da kwana ɗaya fa? Ya ce shi ma bai san da maganar mayar da suna ba, da shi ne zai rubuta dokar haka zai rubuta. Ban ji sauƙi ba. Shi ɗan birni ne, ba a gidansa aka yi ba.

Ranar Alhamis da sassafe babura suka tashi. Ban bi su ba, ƙafata ba ta jure wannan hanyar yanzu. Ranar Asabar suka dawo jiƙe, ruwan farko ya same su a hanya. Cikin taran sun samu bakwai. Biyu iyayensu sun tashi, an ce sun yi wajen Gummi, Malama ta aika wa asibitin can da lambobinsu. Ƙulli huɗu suka dawo da su na waɗanda muka bari biyu alhali ɗaya ne. Malama ta mayar da su ɗakin ajiya. Bayan kwana goma hanyar ta rufe.

Matata ba ta yarda da maganar rikicewar kwamfuta ba. Ta bar ni kwana biyu ba ta tayar da maganar ba. Ranar Juma'a bayan na dawo masallaci tana tankaɗe a tsakar gida, yaron yana can waje, ta tambaye ni ba ta ɗago kai ba. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba. Ta ci gaba da tankaɗen. Can ta ce:

"Ashe babban shina nan a rubuce?"

Na ce yana nan. Da lambarsa, da ranar da muka kawo shi.

"Kuma ba su goge shi?"

Na ce ba mai gogewa. Na ce yanzu ma duk gyaran da za a yi sai an bi ta kansa shi da ƙanensa.

Ta kaɗe rariyar a gefen ƙwarya. "To a bar shi nan," ta ce.

Ina nan a teburin har yanzu. Idona ya fara rauni, ba a kawo wanda zai karɓe ni ba. Mataimakin yana nan da tambayarsa, in ci gaba, in ci gaba, wata rana sau arba'in. Ina karantawa in amsa. In an gama sai gwajin ya gudana, lambobin nan biyu su fito a baƙin allon, ɗaya a saman ɗaya. Ina jira ya rubuta biyu, sannan in kunna firinta.